Chatuchak da Kawu: kasuwar da ba a taya rabi

Shekarata ta biyu ke nan a Bankok, babban birnin Tailan, ina karatu, kuma abin kunya duk wuraren nan da mutane ke biyan kuɗin jirgi su zo gani ban leƙa ko rabinsu ba, daga ɗaki sai aji sai shagon 7-Eleven ɗin ƙasan benenmu. Sai da Kawu ya zo duba lafiyarsa, likita ya ce sakamakon gwaji sai Litinin, muna fitowa ranar Juma'a da yamma ya dube ni ya ce "to ɗana, kwana biyun nan a otal za ka ajiye ni kamar buhu?" Shi ke nan fa na zama ɗan jagora dole. Yawancin abin da zan faɗa a kan kasuwar Chatuchak ne don ita ta cinye mana Asabar sukutum, Lahadi kuma muka yi kogi da fadar sarki, wannan zan taɓa shi sama-sama.

Da farko yadda ake zuwa. Kowa zai ce maka ka hau jirgin ƙasan BTS mai bi ta kan gada ka sauka a Mo Chit, kuma ba ƙarya ba ne, amma za ka yi ɗan tattaki cikin cunkoso kafin ka kai ƙofa. Ni shawarata jirgin ƙarƙashin ƙasa na MRT, ka sauka a Kamphaeng Phet ka bi ƙofa ta 2, kana hawowa matakala ka faɗa cikin kasuwa kai tsaye, ga wanda ke tare da dattijo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Mun isa wajen tara da kwata, rabin rumfunan ma ba su gama ɗage ƙofa ba, kuma wallahi wannan ne kaɗai abin hikimar da na yi ranar, don daga sha biyu zuwa uku wurin nan tukunya ne. Lungunan ciki ƙanana ne, rufin kwano, mutum biyu ba sa jerawa, iska ba ta ratsawa sai 'yan fankoki da masu rumfa ke rataye wa kansu.

Ana cewa rumfunan sun haura 15,000, an raba su sashe-sashe kusan 27, kowane da lambarsa. Ni dai ban ƙirga ba amma ƙafata ta yarda. Asalin kasuwar a filin Sanam Luang take kusa da fadar sarki, a 1982 da Bankok ta cika shekara 200 aka taso ta zuwa nan. Akwai wata hasumiyar agogo a tsakiya, an gina ta 1987 lokacin da marigayi Sarki Bhumibol ya cika shekara 60, to wannan agogon shi ne uwa da uba, duk wanda kuka zo tare ku yi alkawari in an ɓata a haɗu a can. Mun yi wannan alkawarin da Kawu yana min dariya wai shi da ya tsufa a kasuwa za a ce zai ɓata, kafin azahar sau biyu na je na same shi a gindin agogon yana fifita da hula.

Taswirar da ake bayarwa kyauta tana taimakawa kaɗan, amma kada ka ɗauka sashen da aka ce na tufafi ne tufafi kawai za ka gani, kana cikin riguna sai ka ga mai sabulu, ka juya ka ga mai tukwanen fulawa. Abin da na riƙe dai, sashe na 2 zuwa 4 samari masu ɗinka nasu zanen riguna ne, na 5 da 6 gwanjo ne zalla har da jins da takalma na da can, na 7 masu zane-zane da fenti, can ƙarshe-ƙarshe kuma kayan sassaƙa da siliki da tsofaffin kaya. Doka ɗaya ce a Chatuchak kuma na koye ta da hasara: in ka ga abu ya yi maka, saya nan take ko ka ɗauki hoton lambar rumfar. Akwai wata jakar fata da na ce bari mu zaga mu dawo, har yau ban sake ganin rumfar ba kamar aljanu suka ɗauke ta.

Yanzu ga inda labarin yake, wato ciniki. Kawu mutum ne da duk danginmu suka sallama masa a taya kaya, in ya shiga rumfa sai mai kaya ya yi gumi. Muka tsaya wajen wata mata mai sayar da gyale na siliki, ya ɗaga ɗaya ya murza shi tsakanin yatsu ya kai wajen haske ya taɓe baki kamar ya ga tsumma, ya ce in tambaye ta. Na ce "tao rai khrap", nawa ke nan, ta danna baht 450 (baht shi ne kuɗinsu) a kalkuleta ta juyo mana. Kawu ya karɓi kalkuletar ya danna 150, ya ɗaga murya da Hausa yana nuna mata bakin ɗinkin wai ya karkace. Matar ba ta yi fushi ba, ba ta ce albarka ba, ba ta rantse da uwar kuɗi ba, murmushi kawai ta yi ta ce "mai dai kha", wato ba zai yiwu ba, ta karɓi gyalenta ta ninke shi tsaf ta mayar, ta juya wajen wasu 'yan Koriya. Kawu ya ce "mu tafi, yanzu za ta kira mu." Muka taka a hankali, taku biyar, taku goma, yana kasa kunne. Shiru. Ya waiga, matar ma ta manta da mu. Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba, na ce "Kawu ku yi haƙuri, nan ba a taya rabi, kuma ba a kushe kaya," ya ce "to wace irin kasuwa ce wannan, ba a faɗa ba a shiryawa?"

Abin da na gane a zamana a nan shi ne mutanen Tailan ba sa son a ɗaga murya, duk wanda ya yi hayaniya a bainar jama'a shi ya zubar da girmansa, kuma in ka kushe kayan mutum a gaban mutane kamar ka ci masa fuska ne, ba zai rama ba amma ya rufe ciniki da kai. Ragin da ake samu ba ya wuce kaɗan, a ɗari a cire maka goma ko ashirin, kuma hanyar samunsa ita ce murmushi da yawan kaya. Ka ce "lot noi dai mai", a ɗan rage mana, kana dariya, ka ɗauki uku ko shida maimakon ɗaya, nan za ka ga farashin sari ya fito da kansa. Inda aka rubuta farashi a kwali kuma, musamman rumfunan samarin nan masu nasu ɗinkin, kar ma ka wahalar da kanka. A rumfa ta gaba Kawu ya canza salo, ya yabi kayan, ya nuna wa mai rumfar hoton jikokinsa a waya, ya ɗauki wandunan nan masu zanen giwa guda goma, daga 150 aka bar masa a 110 kowane har da gyaran wata 'yar jaka. Ya fito yana cewa "ashe da zuma ake kama su." Kuma da yake mu ne cinikinta na farko ranar, sai matar ta ɗauki kuɗin tana shafa su a kan kayan rumfar ɗaya bayan ɗaya don neman sa'a, Kawu ya tsaya yana kallo ya ce kowace kasuwa da camfinta.

Maganar kuɗi, ku zo da tsaba. Yawancin masu rumfa suna da lambar PromptPay da ake ɗauka da waya, ni da ke da asusun banki a nan ya yi min sauƙi, amma baƙo da katin waje sai ya sha wahala, kuma ATM na nan duk cirewa ɗaya da katin waje sai sun yanki baht 220 ko fiye, don haka gara ka cira da yawa sau ɗaya. A nemi canji kuma, takardun 20 kore da 100 ja, don in ka miƙa 1,000 a kan abin 60 da safe sai an zaga maƙwabta neman canji. Wani abu da ya kusa ja mana magana, tsabar baht 10 ta faɗi daga hannun Kawu tana gangarawa, ya ɗaga ƙafa zai take ta kamar yadda kowa zai yi, na riƙo hannunsa da sauri. Hoton sarki ne a jikin kuɗin, ƙafa kuma a wurinsu ita ce mafi ƙasƙanci a jiki, ba a nuna mutum da ita balle a taka fuskar sarki, kuma dokar cin mutuncin sarauta a nan, sashe na 112, ɗaurinta yana kaiwa shekara 15. Ba wai za a kama baƙo a kan tsaba ba, amma kallon da za a yi maka kaɗai ya isa. Kai kuma akasin haka ne, ba a shafa kan mutum ko da yaro ne, wannan ma sai da na tuna masa don Kawu ba ya ganin ƙaramin yaro bai shafa kansa ba.

Abinci. Wannan ne abin da kowa ke tambayata. Naman alade yana ko'ina a Tailan, sunansa "mu", kuma ko abin da ka ga kamar kaza ce ko kayan lambu ana iya soya shi da kitsensa ko a zuba romonsa, don haka ni ba na wasa, ina neman alamar halal, wani koren tambari mai kusurwa huɗu da rubutun Larabci, ko in ga mai abincin da hijabi ko hula. Cikin kasuwar akwai Saman Islam kusa da agogo, can muka ci rana. Na sa mana khao mok gai, shinkafa ce rawaya da aka dafa da kurkum da kayan ƙamshi, da cinyar kaza da ta yi laushi har tana sakin ƙashi, soyayyiyar albasa a sama, kokwamba a gefe da wani koren miya mai tsami da zaƙi. Kawu da tun zuwansa yake ƙorafin abincin nan duk sukari ne, ya share faranti ya nemi ƙari. Wurin a matse yake, kujerun roba, kana ci wani na tsaye a kanka yana jiran ka tashi, amma abinci ya fito da zafinsa kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Bayan nan muka sha askirim na kwakwa da ake zubawa a cikin ɓawon kwakwar da gyaɗa a sama, sai mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, wanda Kawu ya rantse ba zai haɗa mangwaro da shinkafa ba, ya ɗanɗana cokali ɗaya, sauran labarin kun sani.

Sallah kuma muka tsallaka lambun Chatuchak da ke manne da kasuwar, muka yi alwala da ruwan gora muka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin bishiya. Na buɗe waya na nuna alƙibla, Kawu ya ce "kai ɗana, yamma fa kake nuna min." Na ce ai nan Makka tana yamma da mu ne, ya yi shiru ya ce shekara sittin da wani abu yana cewa a fuskanci gabas, yau ga shi zai ba gabas baya. Ba wanda ya tsaya kallonmu, masu motsa jiki suna wucewa abinsu.

Abubuwan da ban so ba, zafin nan na faɗa, sai banɗaki da ake biyan 'yan tsabobi kuma da layi, ka riƙe tishu a aljihu. Wurin zama ya yi ƙaranci, in kana tare da mai ciwon gwiwa ka shirya shiga ɗaya daga manyan shagunan da ke gefe masu na'urar sanyaya ɗaki, ko ka yi abin da muka yi, muka zauna wajen masu tausar ƙafa na rabin awa, Kawu yana ihu yana dariya. Sashen dabbobi kuma ni ban shiga ba, zafi da wari da ganin tsuntsaye da 'yan kwikwiyo a keji ba ya min daɗi, can ne ma gobara ta tashi a watan Yunin 2024 dabbobi masu yawan gaske suka mutu. A kula da aljihu a cikin matsi, jaka a gaba. Sannan ba duk abin da aka ce siliki ne siliki ba, kuma rigunan da ke ɗauke da sunayen manyan kamfanoni a baht 200 kai ma ka san amsar. Wani mai rumfa ya sayar min da belet wai fata ce zalla, sati uku ta fara ɓarewa kamar albasa.

Tsarabar da ta fi tafiya da kuɗin Kawu ba ma tufafi ba ce, sabulun da ake sassaƙawa kamar fure, man zafi, busasshen mangwaro, ganyen shayin nan nasu mai launin lemo, da wani ɗan bututun shaƙa da suke kira yadom wanda duk ɗan Tailan ke yawo da shi a aljihu, mentol ne da kafur, ka shaƙa hanci ya buɗe kai ya washe. Kafin mu tafi muka leƙa kasuwar Or Tor Kor da ke tsallaken titi, ta kayan marmari ce, tsaf-tsaf kamar an wanke ta da sabulu amma da tsada. Can Kawu ya haɗu da duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya da wari mai ƙarfi. Ya sunsuna ya ja da baya yana a'uziyya, na ce masa har a jirgin ƙasa an hana shiga da shi saboda warin, ya ce gwamnatin nan ta san abin da take yi.

Ƙarfe shida daidai muna hanyar fita niƙi-niƙi da ledoji sai lasifika ta saki taken ƙasa, kowa ya ƙame, mai soya ayaba ya tsaya da matsami a hannu, masu tafiya suka tsaya cak inda suke, kasuwar da tun safe ba ka jin maganar na kusa da kai ta yi tsit. Kawu bai san dawan garin ba ya ci gaba da tafiya shi kaɗai yana min magana, sai da ya ga dubban mutane a sandare ya tsorata ya ce "lafiya? me ya faru?" Na ce Kawu ku tsaya kawai, minti ɗaya ne. Kullum haka ake yi, takwas na safe da shida na yamma. Ana gamawa hayaniya ta dawo kamar an kunna rediyo.

Lahadi da sassafe muka sauka a tashar Saphan Taksin muka hau jirgin ruwan Chao Phraya mai tutar ruwan lemo, baht 16 kowa, kar ka bari masu tallan jirgin 'yan yawon buɗe ido su ja ka zuwa nasu mai tsada in ba shi kake so ba. Wannan jirgin na ba shi cikakken maki, iska, kallon gari, ba cunkoson mota, sai dai ba ya jira, yaron jirgi na busa usur kana tsalle. Muka sauka a Tha Chang. Tun kafin mu kai ƙofar fada wani mai tuk-tuk, adaidaita sahunsu, cikin fara'a ya tare mu wai yau an rufe fada ana addu'a, ya kai mu wani wurin da baht 20, wannan tsohuwar damfara ce, shagon duwatsun ado ko na tela za a kai ka, ka ce "mai ao khrap", wato ba na so, ka wuce. Fadar a buɗe take, baht 500 ga baƙo, kuma suna da tsauri a kan sutura, ba gajeren wando ba riga mai yankakken hannu. Turawa na ta layin sayen wandon giwa a bakin titi, Kawu kuwa da kaftani da hula ya wuce kamar shi ya kafa dokar, har wasu suka roƙa a yi hoto da shi.

An fara ginin a 1782 zamanin Sarki Rama na ɗaya, kuma ƙyalƙyalin zinare da gilasai masu launi a rana sai ka runtse ido. Ɗakin da koren gunkin Buddha yake ana cire takalmi da hula kuma ba a ɗaukar hoto, mu ba mu shiga ba kuma ba wanda ya ce mana don me, muka bi baranda muna kallon zanen bangon labarin Ramakien mai fage 178, Kawu na tambayar wane ne wannan biri mai faɗa da ƙattai. Wurin bautar Wat Pho yana baya kaɗan, mai gunkin kwance tsawon mita 46, daga nan muka tsallaka kogi da ɗan kwalekwalen baht 5 zuwa Wat Arun, shi ma wurin bauta ne, wanda in ka matso kusa za ka ga duk adon jikinsa fasassun tangaran ne aka manna. Gaskiya wuri uku a rana ɗaya ya yi wa dattijo yawa, da na sani da biyu muka yi. Muka ƙare a masallacin Haroon da ke wani lungu a Charoen Krung 36, unguwar Musulmi ce tsohuwa, muka yi la'asar, wani dattijo ya ba mu hannu ya tambayi daga ina, muka ci roti a bakin lungun.

In maki ne, Chatuchak huɗu cikin biyar, ɗayan zafi da rashin wurin zama suka cinye. Ka zo tara na safe, takalmi mai taushi, ruwa, tsabar kuɗi, jaka babba, in kayan sun yi yawa akwai kamfanonin aika kaya a cikin kasuwar. Mu ba mu aika ba don Kawu ya ce ba zai biya kuɗin dako a kan abin da hannu zai ɗauka ba, ranar komawa a filin jirgin saman Suvarnabhumi aka ɗora akwatinsa a sikeli ya wuce da kilo shida, muka tsuguna a gaban kanta muna fitar da sabulai, yanzu haka rabinsu na ƙarƙashin gadona. Jiya ya kira ya ce sakamakon asibiti dai alhamdulillahi, amma yadom ɗin nan abokansa na majalisa sun wawashe, in nemo masa dozin biyu, kuma in na koma in duba matar nan mai gyale ko za ta sallama a 400.